Daga Ambulan Zuwa Sa Hannu: Yadda Ake Tantance Ƙiyasin Kuɗin Ma'aikatun Tarayya

Yawancin 'yan Najeriya ba sa jin ɗuriyar kasafin kuɗi sai ranar da Shugaban Ƙasa ya shiga zauren Majalisar Dokoki ta Tarayya, ya karanta jawabi, ya ajiye kundin a gaban sanatoci da 'yan majalisar wakilai. Alhali kafin ranar an shafe watanni ana ja-in-ja a kan abin da ke ciki, bayanta ma da sauran makonni na ƙari da ragi. Abin da ma'aikata ta roƙa daban, abin da Ofishin Kasafi ya amince mata daban, abin da majalisa ta zartar daban, abin da zai shigo hannunta a ƙarshe shi ma daban.

Wannan jagora ta jami'in da aka ɗora wa haɗa ƙiyasin hukumarsa ce, da ɗan jaridar da zai bi sawun kuɗin, da shugabannin ƙungiyoyin gari masu son sanin inda aikin da aka yi musu alkawari ya maƙale. Za mu bi tsarin Gwamnatin Tarayya, tunda jihohi ma shi suke kwaikwayo. Abu guda za a riƙe tun daga farko: takardun da ke bayan ƙiyasi su ne ke tsirar da shi a kowace ƙofa, kuma lokacin tara su shi ne tun kafin ƙiyasin ya bar ofishin da ya haife shi.

Dokokin da suka riƙe aikin

Sashe na 80 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana cire ko sisi daga babban asusun Gwamnatin Tarayya sai da izinin doka. Sashe na 81 kuma ya wajabta wa Shugaban Ƙasa ya sa a shirya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa, a gabatar wa majalisun biyu. Sai dai bai yanka masa rana ba, kowane lokaci cikin shekara ya halatta. Daga wannan sassauci ne jinkirin da aka sha fama da shi ya samo asali. Kasafin 2016 sai 6 ga Mayu aka sa masa hannu, na 2017 sai 12 ga Yuni, na 2018 sai 20 ga Yuni. A na 2020 ne aka dawo kan tsarin Janairu zuwa Disamba, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar da shi ranar 8 ga Oktoba 2019, ya sa hannu ranar 17 ga Disamba.

Doka ta biyu ita ce ta tsantseni wajen sarrafa kuɗin gwamnati, ta 2007. Ita ta ce dole kasafin shekara ya fito daga tsarin hasashen shekara uku, ta kuma sa wa giɓin kasafi iyakar kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai fa in majalisa ta amince da wani adadi. Ta ukun ita ce dokar bayar da kwangila, ita ma ta 2007, wadda ta hana ba da aikin da ba a ware masa kuɗi a kasafi ba.

Mataki na ɗaya: a fara auna aljihu

Ba a tambayar ma'aikatu abin da suke so sai an san abin da za a samu. Don haka aikin farko na Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya shi ne haɗa kundin hasashen shekara uku, wanda aka fi sani da MTEF. Ana tattaro alƙaluma daga kamfanin mai na NNPC, da hukumar tara haraji ta tarayya, da kwastam, da Babban Bankin Najeriya, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da Ofishin Kula da Basussuka. Da su ake tsayar da ginshiƙan kasafi: farashin gangar ɗanyen mai, yawan gangar da za a haƙo a rana, canjin dala, da hauhawar farashin kaya. Kasafin 2025, alal misali, an gina shi a kan dala 75 kowace ganga, ganga miliyan 2.06 a rana, da naira 1,500 kan kowace dala. Doka ta ce kundin ya isa majalisa aƙalla wata huɗu kafin sabuwar shekara, ko da yake ba kullum ake cika wannan ba.

Kada jami'in wata ƙaramar hukuma ya ɗauka wannan magana ta fi ƙarfinsa. Idan ginshiƙi ɗaya ya goce, kowane ofishi sai ya ji a jikinsa. Kasafin 2020 an zartar da shi a kan dala 57, sai annobar korona ta kayar da farashin mai, aka dawo aka sake lissafi a kan dala 28, aka sa wa gyararren kasafin hannu a watan Yuli.

Bayan an san jimillar, sai a cire abubuwan da ba su da makawa. Akwai kuɗin biyan bashi. Akwai kason da doka ta ce a ba wasu hukumomi kai tsaye, irin su ɓangaren shari'a, da Majalisar Dokoki, da hukumar zaɓe ta INEC, da hukumar ilimin bai ɗaya ta UBEC. Akwai albashi da fansho. Ragowar ita ce ake rabawa tsakanin ma'aikatu, kuma a kanta ne duk kokawar take.

Mataki na biyu: sakula da ambulan

Daga nan Ofishin Kasafi ke fitar da sakula zuwa ga ministoci, da manyan sakatarori, da shugabannin hukumomi. Galibi ta lissafin albashi ke fara fitowa, babbar ta biyo baya. A cikinta ake faɗin manufofin gwamnati na shekarar, da ƙa'idojin cike ƙiyasi, da ranar rufe karɓa, da kuma ambulan, wato iyakar kuɗin da kowace ma'aikata za ta tsara buƙatunta a ciki. Uwar ma'aikata ce ke karɓar ambulan, ita ke yanka wa hukumomin da ke ƙarƙashinta nasu kason. Saboda haka shugaban hukumar da ke ganin an matse shi, to ƙofar farko da zai ƙwanƙwasa ta ministansa ce da Babban Sakatare, tun kafin a gama rabon.

A karanta sakular daga farko har ƙarshe, kada a dogara da ta bara. Akwai dai ƙa'idojin da kusan kowace shekara sai an nanata: a fifita kammala ayyukan da aka fara a kan buɗe sababbi, kada hukuma ta sa aikin da ba huruminta ba ne, kuma kowane aiki a faɗi sunansa da inda za a yi shi. Ana shigar da ƙiyasin ne ta manhajar GIFMIS, ta hannun jami'an da aka horar aka ba su izinin shiga.

Mataki na uku: aikin cikin gida

A nan ne ƙiyasi ke samun lafiyarsa ko cutarsa. Ya kasu gida uku, kowanne da lambar da ake gane shi a kundin: layukan da suka fara da 21 na albashi da alawus ne, 22 na hidimar yau da kullum, 23 na manyan ayyuka.

Albashi ba a ƙiyasta shi da ka. Ana ɗauko jerin sunayen ma'aikatan da ke bakin aiki, kowa da matakinsa, a daidaita shi da abin da ke cikin tsarin biyan albashi na IPPIS ga hukumomin da ke kansa, a cire waɗanda suka rasu, da waɗanda suka ajiye aiki, da masu ritaya cikin shekarar. Ma'aunin albashin sai wanda hukumar tsara albashi ta ƙasa ta amince da shi; a asibiti, likitoci na kan CONMESS, sauran jami'an lafiya na kan CONHESS. Wanda ke son ɗaukar sababbin ma'aikata sai ya riƙe takardar sahalewar Shugaban Ma'aikatan Tarayya da ta Ofishin Kasafi, in ba haka ba layin zai faɗi.

Hidimar yau da kullum ta ƙunshi wutar lantarki, man janareta, tafiye-tafiye, gyaran motoci, takardu da horaswa. Ita ce mafi saurin shan almakashi, don haka a kafa ta a kan rasitan bara. Wanda ya nuna takardun kuɗin wuta na wata goma sha biyu ya fi wanda ya ƙara kashi 20 cikin 100 a kan lambar bara ƙarfin hujja.

Manyan ayyuka kuwa sai da misali. A ce wata cibiyar lafiya ta tarayya ce, sassanta sun kawo buƙatun da suka kai naira biliyan 2.4, ambulan ɗinta kuwa miliyan 900. Kwamitin kasafi na cibiyar zai zauna ya jera su kamar haka. Da farko ginin ɗakin tiyata da aka bayar a kan miliyan 600, an biya 350, saura 250. Wannan shi ne kan gaba, domin ginin da aka bari damina biyu kuɗin gyaransa ma wani aiki ne. Sai bashin 'yan kwangilar da suka gama aiki injiniya ya ba su takardar shaida, miliyan 120. Saura 530 ke nan. A nan za a zaɓi sababbi: wutar sola a sashen haihuwa da ɗakin gwaje-gwaje miliyan 280, gyaran injin iskar numfashi 150, motar ɗaukar marasa lafiya 100. Ambulan ya cika. Sabon ginin ofisoshi da motocin manya sai wata shekara, komai ɓacin ran masu su.

Yadda ake rubuta layin ma abin lura ne. Layin da ya ce samar da kayan aiki ga asibiti, miliyan 280, gayyatar tambaya ce kawai. Wanda ya ce girka wutar sola a sashen haihuwa da ɗakin gwaje-gwaje na cibiya kaza a gari kaza, ya riga ya amsa rabin tambayoyin. Kowane aiki na da lambarsa, yawanci mai farawa da haruffan ERGP, da gurbin da ke nuna sabo ne ko ci gaba. Kada a sauya wa tsohon aiki suna a shigo da shi a matsayin sabo, domin tarihin kuɗinsa zai yanke, gobe a rasa yadda za a bi sawunsa.

Kafin a tura, kowane aiki ya zama yana da fayil ɗinsa mai ɗauke da:

- lissafin kayan gini da farashinsu daga masanin ƙiyasin gini, ko takardun farashi daga 'yan kasuwa;
- takardar kwangila da jimillar abin da aka biya zuwa yau, in tsohon aiki ne;
- hotunan inda aikin ya tsaya;
- takardar mallakar fili, in sabon gini ne;
- sahalewar hukumar NITDA, in aikin kwamfuta ko manhaja ne;
- bayani a shafi guda kan wanda zai amfana da abin da zai faru in ba a yi ba.

Hukumar da ke tara kuɗin shiga da kanta, dole ta bayyana abin da take sa ran samu. Ɓoye shi ko rage shi da gangan na daga abubuwan da suka fi jawo wa shugabanni tozarci a gaban kwamitin majalisa.

Mataki na huɗu: zama da Ofishin Kasafi

Bayan an rufe karɓa, jami'an Ofishin Kasafi da ke kula da kowane ɓangare za su bi ƙiyasin layi-layi, sannan a kira ma'aikatu zaman fahimtar juna. Babban Sakatare ko shugaban hukuma ke jagorantar tawaga, da daraktan kuɗi, da na tsare-tsare, da jami'in kasafi.

Abubuwan da ake dubawa sanannu ne. Shin an tsaya cikin ambulan? Shin lissafin albashi ya yi daidai da jerin sunaye? Akwai aikin da ya fito sau biyu, ko a hukuma ɗaya ko a hukumomi biyu? Farashin kwamfuta ko mota a nan ya yi kusa da na sauran ma'aikatu? An ɓoye hidimar yau da kullum a cikin manyan ayyuka, kamar taron bita da aka yi wa laƙabi da aikin raya ƙasa? Sannan abin da aka saya bara, me ya sa ya sake dawowa bana?

Kada a shiga zaman da shirin faɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai hikima yakan zo da jerin ayyukansa bisa fifiko, ta yadda in an ce a rage miliyan 100, shi zai nuna inda za a yanka. In bai nuna ba, za a yanka masa inda aka ga dama, wataƙila a rage kowane layi kaɗan-kaɗan har a wayi gari babu aikin da kuɗinsa zai isa. In kuwa akwai buƙatar da ta fi ƙarfin ambulan, a rubuto ta daban da hujjojinta, kada a cusa ta a ciki.

Bayan zaman, a nemi ganin abin da ya tsaya a manhaja, a buga shi a takarda, shugaba ya sa hannu, a adana. Abin da ya faru a 2016 ya isa darasi: a watan Fabrairun shekarar Ministan Lafiya Isaac Adewole ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa kasafin da ke gabansu ba shi ne ma'aikatarsa ta miƙa ba. Wanda bai adana kwafinsa ba, da me zai kafa irin wannan hujja?

Mataki na biyar: Majalisar Zartarwa da gabatarwa

Ofishin Kasafi zai haɗe ƙiyasin kowa ya zama kundi guda, ministan kasafi ya kai Majalisar Zartarwa ta Tarayya. A nan ministoci ke yin yunƙurin ƙarshe, Shugaban Ƙasa ya raba gardama. Da zarar an amince, sai a tsara ƙudirin dokar kasafi, Shugaban Ƙasa ya gabatar a zaman haɗin gwiwa na sanatoci 109 da wakilai 360. Daga ranar ikon gyara ya koma hannun majalisa. Ɓangaren zartarwa in yana son canji sai ya rubuto wasiƙa, kamar yadda Shugaba Bola Tinubu ya yi a Fabrairun 2025, lokacin da ya nemi a ɗaga kasafin daga naira tiriliyan 49.7 zuwa 54.2.

Mataki na shida: kare kasafi

Kowace majalisa za ta yi wa ƙudirin karatu na biyu, a tafka muhawara kan manufofinsa, sannan a miƙa shi ga kwamitin kasafi. Shi kuma ya rarraba wa sauran kwamitoci, kowanne ya ɗauki ma'aikatun da yake sa wa ido. Ke nan hukuma za ta bayyana a gaban kwamitin dattawa da na wakilai, wani lokaci a haɗe.

Zaman ba ya farawa da kasafin baɗi, da na bana yake farawa. Mu koma ga cibiyar lafiyar nan. Shugaban kwamiti zai iya duban shugabanta ya ce, "Likita, an ware muku miliyan 350 na ɗakin tiyata. Nawa aka sakar muku, nawa kuka kashe, aikin kuma ya kai ina?" Amsar da ke wucewa ita ce, "Ranka ya daɗe, an sakar mana duka, mun biya ɗan kwangila bisa shaidar injiniya, gini ya kai rufi. Hotuna na shafi na 14, shaidar biya na shafi na 15." Wani ɗan kwamitin ya karɓe, "To kuɗin da kuke karɓa a hannun marasa lafiya fa, ina suke a takardar nan?" In shugaban ya fara waige-waige yana neman akanta, zaman ya lalace, sai a ce su je su dawo.

Don haka a kiyaye waɗannan. Shugaban hukuma ya je da kansa, domin kwamitoci sun sha korar wakilai. A aika takardu ga sakataren kwamiti kwanaki kafin zaman, adadin kwafin da aka nema. Lambobin da ke hannun tawaga su zama su ne ke cikin kundin da Shugaban Ƙasa ya gabatar. A yi gwajin tambaya da amsa a ofis kafin a tafi. In an tambayi abin da ba a riƙe da shi ba, a nemi izinin kawo shi a rubuce. Lambar da aka faɗa da ka ta shiga rikodin, kuma za a dawo da ita baɗi.

Kowane kwamiti zai miƙa rahotonsa ga kwamitin kasafi, wanda ke haɗa su, ya daidaita da jimillar kuɗin shiga. Akan kuma shirya zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyoyin farar hula da masana ke gabatar da takardu.

Mataki na bakwai: ƙari, ragi da sa hannu

Shin majalisa na da ikon ƙara kuɗi ko shigo da sabon aiki? An daɗe ana wannan gardama. A 2016 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar, ta ce majalisa na da ikon sauya ƙiyasin da aka kawo mata. A aikace ma haka ake yi. Hanya mafi sauƙi ta samar da kuɗin ƙari ita ce taɓa ginshiƙan nan na farko. A kasafin 2024 majalisa ta ɗaga canjin dala daga naira 750 zuwa 800, kasafin ya tashi daga tiriliyan 27.5 zuwa 28.7. Ɗaya hanyar ita ce a rage wasu ayyuka a zuba a wasu. Ranar da Buhari ya sa hannu a kasafin 2018 ya koka cewa an zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, an shigo da sababbi 6,403 na biliyan 578.

A nan ne maganar cushe ke tasowa, kuma ya kamata a rarrabe. Akwai ayyukan mazaɓu na naira biliyan 100 da aka saba ware wa 'yan majalisa duk shekara bisa fahimtar juna, masu lambar da ke farawa da ZIP. Akwai kuma ayyukan da ake dasawa cikin kasafin hukumomi, har ka ga cibiyar binciken noma an ɗora mata sa fitilun titi a wata jiha mai nisa. Rikicin da ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin ya tayar a Majalisar Wakilai a 2016 a kan irin wannan zargi ne. A Maris 2024 kuma Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi bayan hirarsa da Sashen Hausa na BBC, kan zargin cewa sama da naira tiriliyan 3 na kasafin ba a ga ayyukan da aka jingina su ba. Amsar da shugabannin kwamitin kasafi suka bayar ita ce kuɗin na hukumomin da ake ba kasonsu kai tsaye ne, waɗanda ba a baje dalla-dallar kasafinsu a kundin. Mai bin diddigi ya san da wannan gurbi kafin ya haɗa lissafinsa.

Majalisun biyu dole su zartar da lamba ɗaya; in sun saɓa sai kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Akawun Majalisar Dokoki ya aika tsabtataccen kwafi fadar Shugaban Ƙasa, a can ma a sa ma'aikatu su duba abin da ya canza. Sashe na 59 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30. In ya ƙi sa hannu, majalisun biyu na iya zama tare su zartar da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka. In kuma sabuwar shekara ta shigo babu kasafi, sashe na 82 ya yarda a ci gaba da kashe kuɗin tafiyar da gwamnati har tsawon wata shida, muddin ba a wuce na daidai wannan lokaci a bara ba.

Da kundin ƙarshe ya fito, jami'in kasafi ya ajiye shi gefe da gefe da kwafin da ya adana, ya fitar da layukan da aka rage, da waɗanda aka ƙara, da baƙin da bai san da su ba, ya kai wa shugabansa a rubuce. Duk abin da ke ƙarƙashin sunan hukuma, ita za a tambaya ranar bincike, ko da ba ita ta roƙa ba.

Mataki na takwas: lamba a kundi ba kuɗi a hannu ba ce

Dokar kasafi izini ce ta kashewa. Kuɗin kansu sai Ministan Kuɗi ya ba da takardar izinin fitarwa, Akanta Janar ya sake su ta asusun bai ɗaya da ke Babban Banki, gwargwadon abin da ya shigo. Albashi da bashi ne kan gaba, manyan ayyuka su ke jira, shi ya sa aka sha tsawaita wa'adinsu. Na 2024 sai da aka ja shi har ƙarshen Disambar 2025. Saboda haka kada a ba da kwangila sai an tabbatar da kuɗinta.

Ba a ɗauke kuɗin wani layi a kai wani don an ga ya fi dacewa. Sauya akalar kuɗi sai da amincewar majalisa. Buƙatar da ta taso tsakiyar shekara kuwa, hanyarta ƙwarya-ƙwaryan kasafi, shi ma sai ya bi ta majalisa. A ƙarshe Odita Janar zai binciki yadda aka kashe, rahotonsa ya je kwamitocin bin ba'asin kuɗin gwamnati, waɗanda bisa al'ada 'yan adawa ke shugabanta.

Jihohi, da inda jama'a za su sa baki

A jiha, sashe na 121 ne ya ɗora wa Gwamna irin wannan nauyi. Ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ke fitar da sakula, ta yi zaman tantancewa, majalisar zartarwar jiha ta amince, majalisar dokoki ta kira kwamishinoni su kare. Bambancin shi ne majalisa ɗaya ce, kuma babban ginshiƙin lissafi shi ne kason da ake sa ran samu daga asusun tarayya. Jihohi da dama yanzu suna wallafa kasafinsu a intanet, suna kuma shirya tarukan jin buƙatun al'umma.

Ƙungiyar gari mai neman makaranta ko asibiti ta san lokacinta. Wasiƙar da ta isa ma'aikatar da abin ya shafa a tsakiyar shekara, kafin a cika ambulan, ta fi wadda ta zo bayan an gabatar da kasafi tasiri. In wannan ta wuce, sai ɗan majalisar mazaɓa a makonnin kare kasafi. A rubuta sunan aikin, da unguwa ko ƙauye, da ƙaramar hukuma, da yawan masu amfana, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

In aikin ya shiga, a sauke kundin daga shafin Ofishin Kasafi, a nemo layin, a rubuta lambarsa da adadin kuɗinsa da sunan hukumar da aka ɗora wa. Bayan wata shida in ba a ga motsi ba, a rubuta wa shugaban hukumar bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a kawo lambar aikin, a tambayi nawa aka saki, wane kamfani aka ba, yaushe zai gama. Dokar ta ba shi kwana bakwai ya amsa. In ya yi shiru, akwai kotu. In kuma an biya kuɗi babu aiki a ƙasa, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci na bin sawun irin waɗannan ayyuka tun 2019, kuma da wannan lamba za ta fara bincike.